Ɗiyar da Ba Ta Cikin Rajista

A gidan Alhaji Dalhatu mai albasa da ke Aliero, 'yan mata biyu ke zuwa ƙaramar sakandaren gwamnati, amma yunifom ɗaya gare su, suna ma ɗaya. Hindu, 'yar Alhaji, ita ke zuwa ranakun da ba a yin komai. Mufida, 'yar ƙanensa marigayi Mas'ud, ita ke zuwa ranakun jarrabawa. Kowaccensu in an kira "Hindu Dalhatu" sai ta amsa. Shekara biyu da rabi ana wannan rabon aiki, ba wanda ya ce uffan.

Kada ka ce malaman makafi ne. A bangon ofishin shugaban makaranta akwai allo da aka rubuta da alli: maza ɗari biyar da tamanin da bakwai, mata tasa'in da huɗu. Aji uku kaɗai yara ɗari da talatin ne a ɗaki guda. Maza na gaba kan benci, waɗanda ba su samu benci ba suna kan taga, mata kuwa can ƙurya kan tabarma, kowacce cikin farin hijabi har ƙasa. Malami in ya tsaya gaban allo, abin da yake hangowa a bayan aji wani fari ne kawai yana motsi. Ko akuya ka sa wa hijabi ta yi kuka lokacin kiran suna, za a rubuta ta zo.

Farkon abin ciwon ciki ne. Ranar gwajin farko a aji ɗaya Hindu ta tashi tana murƙususu, irin ciwon nan da ba ya kama mutum sai ranar lissafi. Uwarta Hajiya Raihanatu, wadda Mufida ke kira Inna, ta dubi Mufida da ke wanke-wanke ta ce, “Ke, sa rigar 'yar'uwarki ki tai ki zauna mata, kada a ce ba ta zo ba.” Mufida ta je ta zauna. Da sakamako ya fito, Hindu Dalhatu ce ta ɗaya cikin yara ɗari da talatin. Tun daga ranar ciwon cikin Hindu ya zama mai bin kalanda.

Sauran kwanakin shekara Mufida na cikin rudu, rumfar karan nan da ake ajiye albasa a ciki har ta yi tsada. Aikinta ta juya albasa, ta tsince ruɓaɓɓu kafin su ɓata na kusa da su. Can take karatunta. Da Hindu ta dawo ta jefar da jaka, sai Mufida ta ɗauke ta shige da ita rudu. Tsakani da Allah, Hindu ta iya kwafa. Tana kwafe abin da ke allo kamar mai kwafar zanen hula, ba ta san me yake nufi ba amma ba ta barin ko ɗigo. Mufida ke zama ta warware shi, hannu ɗaya cikin albasa, ɗaya riƙe da littafi, idanu na zubar da ruwa. Kwana goma sha biyar ko ashirin take ganin cikin aji a shekara, kuma ta fi son su fiye da ranar Sallah.

Abu ɗaya take so a duniya: a rubuta sunanta a rajista. Mufida Mas'ud. Ta san in aka yi jarrabawar fita aji uku ba sunanta, duk abin da ta sha wa wahala ya tafi da Hindu, ita kuma ta zauna da albasa.

Alhaji bai taɓa cewa a'a ba. Shi mutum ne mai kunya. Abin da yake cewa shi ne, “Bari a gama dashe.” In an gama dashe, “Bari a cire albasa.” In an cire, “Bari ta yi tsada.” In ta yi tsada, ai lokacin dashe ya sake zagayowa.

Ran da aka kawo sakamakon zangon farko na aji uku, Alhaji ya fita da takardar ƙofar gida, gindin dogon yaro inda suke majalisa. Ya miƙa wa wannan, ya miƙa wa wancan, shi kansa a kife yake riƙe da ita. Mufida ta kawo masu ruwa, ta ji yana cewa, “Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wagga ƙwaƙwalwa tawa ta.” Kowa a majalisar ya san a aji biyu na firamare Alhaji ya yi sallama da boko, wai malami ya raina shi. Amma duk suka gyaɗa kai, don shayinsa suke sha.

Da ya shigo cin abinci ta durƙusa nesa da tabarmarsa.

“Baffa, an ce Alhamis ta ƙarshen wata za a rufe rajistar jarrabawar fita.”

“Awo, na ji. An sa sunan Hindu.”

“Nawa nika tambaya.”

“Naki mi?”

“Sunana, Baffa.”

Ya ajiye lomar da ya ɗauko, ya dube ta da tausayi, irin duban da ake yi wa wanda ya faɗi wauta a gaban baƙi. “Ke da Hindu akwai bambanci? Ni da ubanki ciki guda munka fito. In Hindu ta ci, gidan ga ya ci. In gidan ga ya ci, ke kinka ci. Tuwon da kika ci kullum, da sunanki anka rubuta shi?”

Inna ta leƙo daga madafa. “Kuma yunifom guda ne. Ko so kika a ɗinka biyu, mutane su ce muna almubazzaranci?”

Mufida ta tashi. A ranta ta ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A baki kuwa cewa ta yi, “To, Baffa.”

A wannan zangon aka turo sabuwar malamar lissafi, Malama Theresa, mutuniyar Zuru, gajeriya mai tabarau. Ita ba ta san dokar garin ba, sai ta riƙa ratsa benci tana shiga har ƙuryar mata. Wata Talata ta kira gwarzuwar makaranta ta fito allo ta nuna wa maza yadda ake yi. Hindu ta fito, ta riƙe alli, aka tambaye ta bakwai sau takwas. Ta dubi rufi, ta dubi ƙasa, ta ce arba'in da wani abu. Ran Alhamis aka yi gwaji, Hindu Dalhatu ta samu tasa'in da takwas.

Malama ta lura da wani abu kuma. Hindun Talata ƙamshin humra take yi. Takardar Hindun Alhamis kuwa, in ka buɗe ta sai ka yi hawaye.

A gwaji na gaba ta tsaya bakin ƙofa. Da Mufida ta miƙa takarda za ta wuce, ta riƙe mata hannu ta juya tafin. Fata duk ta tsage, ƙarƙashin farce baƙi.

“Yaya sunanki?”

“Hindu Dalhatu.”

“Ban tambaye ki na takarda ba. Wanda aka raɗa miki.”

Shekara biyu da rabi ba wanda ya yi mata wannan tambayar a harabar makarantar. Ta ce, “Mufida Mas'ud.” Daga nan ta faɗi komai, tana faɗi tana jin tsoro, tana kuma jin daɗi.

Malama ta ja ta har ofishin shugaban makaranta, Malam Waliyyu, mai tumbi da babbar riga mai sitaci. Ya saurara har ƙarshe yana sakace haƙori da tsinke, bai nuna ko alamar mamaki ba.

“Malama, ke baƙuwa ta,” ya ce. “Kin ga allon can? Mace ɗaya cikin maza shida, ko fiye. Amma wa ka zuwa ta ɗaya? Mace. Duk taron da anka yi a Jega sai an ambaci makarantar ga. Na Maiyama har tambayata sukai mi nika ba 'yan mata.”

“Amma wadda ke zuwa ta ɗayan ba ta cikin rajistarka.”

“A takarda ɗiya guda ta, kuma takarda ba ta ƙarya. Ya za ni sa yarinya aji uku, ba ta yi aji ɗaya ba, ba ta yi aji biyu ba?”

“Ta yi. Ita ta ci su.”

“Hindu ta ci su. Ga shi nan a rubuce.” Ya nuna sama da tsinken. “Kwanon rufin ajin da kika koyarwa, Alhaji Dalhatu ya sa shi. Shi na shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. In kina son koyarwa cikin ruwan sama, bisimilla.”

Malama ba ta daddara ba. Da la'asar ta zo gidan da kanta. Inna ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kawo fura mai sanyi, ta yi mata sannu da zuwa har sau biyar. Mufida na laɓe bayan rudu tana ji.

“Marainiya fa, Malama,” in ji Inna. “Mun ɗauko ta ba ko zane. Mu ka ci da ita, mu ka sha da ita. Ilimi kuwa ai shina cikin kanta, wa ya ƙwace mata? Takarda kawai Hindu ka riƙe mata. Su biyun ga, ko ni wani lokaci ba ni rarrabe su.”

“Hajiya, wa ke aiki a rudu?”

“Mufida.”

“To ashe kina rarrabe su.”

Inna ta yi dariya, ta ce wallahi mutanen Zuru akwai barkwanci. Ta cika wa Malama leda da albasa, ta raka ta har zaure. Ko da ta juyo, dariyar ta riga ta tafi. Ta ja Mufida da kunne daga bayan rudu.

“Mu za ki tona wa asiri gaban baƙuwa? Mun riƙe ki da hannu biyu, ki saka muna da wanga?”

Tun daga ranar jakar Hindu ta koma cikin akwatin Inna mai kwaɗo. Aka ƙara wa Mufida aiki: da safe fadama ban ruwa, da rana yankan lawashi a kirɓa shi a shanya a yi gabu, da yamma rudu. Alhamis ta zo ta wuce, aka rufe rajista. Mufida tana cikin fadama laka har gwiwa ta ji ƙararrawar tashi daga makaranta, ta tsaya da bokiti a hannu ta yi kuka sosai, ba albasar da za ta ɗora wa laifi.

Jarrabawar fita kuwa da hoto ake yin ta, kuma nan Alhaji ya ɗan shiga damuwa. Fuskar wa za a ɗauka? Malam Waliyyu ya ce ya kwantar da hankalinsa, Nafi'u mai hoto zai ɗauka. Shi Nafi'u Allah ya yi masa baiwa: duk wanda ya ɗauka, ko uwar da ta haife shi sai ta nemi shaida. Aka ɗauki Hindu. Hoto ya fito, farin hijabi da wani duhu a tsakiya mai ido biyu. Kowa ya yaba.

Saura mako biyu jarrabawa Inna ta buɗe akwati ta jefo mata jakar. “Ga shi nan, tun da karatu kika so. Kuma kada ki ba mu kunya.” A bana an ce 'yan mata uku da suka fi maki a Jega da Aliero da Maiyama za a ɗauke su makarantar kimiyya ta kwana, kuma Alhaji ya riga ya gaya wa majalisa Hindu likita za ta zama.

Hindu ta same ta a rudu, ta toshe hanci da gefen hijabi, ta zauna kan buhu. Ba su cika hira ba, amma ba gaba suke yi ba.

“Mufida, don Allah ki faɗi.”

“In faɗi mi?”

“Jarrabawar. Ki ci kaɗan dai, kada ki ci da yawa. In sun kai ni makarantar kimiyya wa za ya zauna mini? Ni ƙunshin lalle nika son koyo, wallahi. In na ga lissafi, cikina da gaske shika ciwo.”

Mufida ta dube ta. Tun tuni take jin haushin Hindu, yau kuma sai ta ga ita ma a ɗaure take, sai dai igiyarta ta fi laushi.

“Ban iya faɗuwa ba,” ta ce. “Amma ki kwantar da hankalinki. Bana ba ki cin komi.”

Hindu ba ta gane ba, ta dai yi godiya ta fita.

Ranar farko lissafi aka yi. Mufida ta sa yunifom, ta zauna a ƙurya, aka duba hoton da Nafi'u ya ɗauka aka dubi fuskarta aka ce ita ce. Da takarda ta iso gabanta ta tsaya kan layin farko, inda aka ce a rubuta suna. Sau nawa ta cika wannan layin da sunan wata? Sai ta rubuta da manyan baƙaƙe: MUFIDA MAS'UD. Ta zauna tana kallonsa har na kusa da ita ta zungure ta. Ashe haka yake da kyau a takardar gwamnati. Sannan ta sunkuya ta yi lissafin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Washegari ta sake, jibi ta sake, har takarda tara.

Jami'in da aka turo sa ido ba ya duba komai sai kular abincinsa, don haka a ofishin Malam Waliyyu takardun ke kwana. Sai ranar ƙarshe, da ya zo jera su a buhu za a kai Jega, ya nemi na gwarzuwarsa don ya sa su a sama. Ya nema bai gani ba. Abin da ya gani ya sa tsinken sakace ya faɗo daga bakinsa.

Kafin azahar an tara su a ofis: Alhaji, Mufida, da Malama Theresa wadda ba wanda ya kira ta. Takardu tara na kan tebur, gefensu 'yar kwalbar farin ruwan nan na shafe rubutu.

“Kuskuren yara ne,” in ji Malam Waliyyu. “Ruɗewar jarrabawa. Akan samu.”

“Ba kuskure ba ne, Malam,” in ji Mufida. “Sunana ne.”

Bai ko dube ta ba. Ya buɗe kwalba, ya shafe na farko, ya hura da baki, ya shafe na biyu. A tsanake yake yi, harshe a waje, kamar mai yi wa amarya kwalliya. Da ya gama tara ya miƙo mata biro.

“Rubuta Hindu Dalhatu. Hannu ɗaya ya kamata a gani sama da ƙasa.”

Mufida ta mai da hannuwanta cikin hijabi.

“Karɓi,” in ji Alhaji a hankali. Ba ya ɗaga murya gaban mutane. “Mufida, ubanki da shina raye ba ya yarda ki kunyata ni. Ki rubuta, in an cire albasa in sa ki makaranta da sunanki.”

“An cire, Baffa. Tana rudu.”

“To in ta yi tsada.”

“Ba ni rubutawa.”

“To daga yau ke da littafi sai a lahira.”

Mufida ta san wannan alkawarin kam zai cika shi. Amma hannuwan ba su fito ba.

Malam Waliyyu ya yi tsaki, ya kama biro da hannun hagu don rubutun ya yi kama da na yara, ya rubuta Hindu Dalhatu sau tara. Malama Theresa ta ɗauki ta lissafi, ta ɗaga ta saitin taga. Rana ta ratsa takardar, ga MUFIDA MAS'UD nan raɗau a ƙarƙashin farin.

“Ana gani,” ta ce.

“Masu duba takarda ba su ɗaga ta sama, Malama. A tebur suka aje ta.”

“Zan rubuta ƙara.”

“Rubuta. Ta hannuna za ta bi.”

Gaskiyarsa kuwa. Ba wanda ya ɗaga takardar sama. Da sakamako ya fito, Hindu Dalhatu ce ta ɗaya a Jega da Aliero da Maiyama, maza da mata. Alhaji ya yanka rago. Aka kira mai fenti ya rubuta sunanta a bangon makaranta da shuɗi, harafi kamar kan mutum. Malam Waliyyu ya je taro ya yi jawabi kan sirrin ilimin 'ya mace, aka tafa masa. Malama Theresa ta samu amsar ƙararta: takardar canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye bayan Maiyama, inda mota ke zuwa ranar kasuwa kawai. Ta zo sallama, Inna ta ce Mufida ba ta nan, alhali tana rudu tana jin muryarta.

Ran da za a kai Hindu makarantar kimiyya, da sabon akwati da sabon yunifom, kuka take kamar za a kai ta gidan yari. Mata suka ce kukan rabuwa da gida ne. Da ta zo wucewa ta gaban Mufida ta tsaya. “Kin ce bana ba ni cin komi.” Mufida ta ɗauki akwatin ta kai mata mota. Bayan wata uku sakamakon Hindu ya iso, ta arba'in da ɗaya cikin arba'in da ɗaya. Alhaji ya ce baki ne, ya aika mata da rubutun sha. Wannan takardar ba ta je majalisa ba.

Tsohon yunifom kuwa yana rataye a igiya ba mai shi. Inna ba ta son asara. Ta cire shi ta miƙa wa Mufida. “Ga shi, naki ne ke kaɗai yanzu, ba abin da kika so ke nan ba? Ki riƙa sa shi in za ki rudu, ki bar kashe mini zannuwa da ruwan albasa.”

Haka Mufida ta samu yunifom. Kullum da safe, lokacin da yara ke wucewa makaranta, ita ma sai ta sa nata, ta ɗaura farin hijabi, ta shiga rudu. Ba jaka, ba littafi. Wani lokaci takan ɗauki tsinke ta yi lissafi a ƙasa, sai dai na bara ne take maimaitawa, don ba wanda ke kawo mata sabo.

Wata Laraba da hantsi wata farar mota ta tsaya ƙofar gida. Masu ƙidaya ne, ana bi gida gida ana ƙirga yaran da ba sa zuwa makaranta, musamman mata. Wani saurayi mai hular rana da faifan rubutu ya yi sallama, Alhaji ya shigo da shi tsakar gida da fara'a.

“Alhaji, yara mata nawa ne a gidan nan masu shekarun sakandare?”

“Biyu. Guda tana makarantar kimiyya, ita ta zo ta ɗaya a ƙananan hukumomi uku. Ka ga sunanta a bango in ka biyo ta makaranta.”

“Ma sha Allah. Ɗayar fa?”

Daidai nan Mufida ta fito daga rudu da kwandon ruɓaɓɓiyar albasa a kai. Ta ji tambayar. Ta san ko su waye, ta ji ana zancensu a bakin rijiya. In aka rubuta ta cikin waɗanda ba sa zuwa, wataƙila wani a wani ofis ya tambayi dalili. Ta sauke kwandon ta matso.

Saurayin ya dube ta sama da ƙasa: riga, wando, farin hijabi mai tambarin makaranta.

“A'a, ga ta ma da yunifom. Wannan ai ɗaliba ce.” Ya ɗan ja layi a faifansa. “Biyu cikin biyu. Alhaji, da kowa kamarka yake da mun huta.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Alhaji. “Mu gidan ga ba mu barin ɗiya mace zaune.”

“Malam,” in ji Mufida. Muryarta ta fito ƙarara, har Inna ta leƙo. “Ba ni zuwa makaranta. Sunana Mufida Mas'ud. Ka rubuta.”

Saurayin ya yi murmushi, ya dubi agogo, ya dubi Alhaji.

“Ranar ga ba ta je ba, shi ta ka nufi,” in ji Alhaji. “Ciwon ciki.”

“Allah ya sauwaƙe. Gobe ki daure ki je, kin ji, ƙanwata?” Ya juyo mata da faifan don ta gani da idonta. “Suna kuwa, ba wurinsa a nan. Adadi kawai muke ɗauka.”

Alhaji ya raka shi mota, ya sa aka ɗora masa rabin buhun albasa a but ɗin motar. Mufida ta tsaya har ƙarar motar ta ɓace. Sannan ta ɗauki kwandonta ta kai bayan gida ta zubar, ta koma rudu, don akwai sauran ruɓaɓɓu da ba ta tsince ba.